CIWON KAN DA BA YA JIRAN KARO-KARO

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To, a wannan mako muna so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu mazauna Ikko, da Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal game da wata cuta mai faɗowa farat ɗaya, wadda kuɗin maganinta kan kai gida ƙasa. Ita ce kumburin jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira aniyurizim.

Wato wani wuri ne a jikin jijiyar kan yi rauni, sai jini ya riƙa tura shi har ya yi ƙululu, kamar yadda tayar keke kan yi in ta tsufa. Wajen mutum 3 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da shi ba su sani ba, yawancinsu kuma ba zai taɓa damunsu ba. Amma fa ranar da ya fashe, jini kan malala a kewayen ƙwaƙwalwa. Sai mutum ya ji kansa ya sara irin saran da bai taɓa ji ba, wuya ya sanƙare, amai ya biyo baya, wani ma ya suma. Hawan jini da shan taba su ne manyan masu jawo shi.

Ina kuɗin ke tafiya? Da farko akwai hoton kai na na'urar CT, sannan hoton jijiyoyi domin a gane inda ƙululun yake. Bayan haka sai aiki, kuma iri biyu ne. Ko dai a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan ƙululun da ɗan matsefin ƙarfe, dabarar da Likita Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937. Ko kuma a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa kai, a cusa zaren ƙarfen filatinam ya toshe wurin, dabarar da ta fito a farkon shekarun 1990. Ta biyun ba ta bukatar fasa kai, amma zaren nan tsada gare shi, kuma ba kowane asibiti ke da na'urarta ba.

Ko an gama aiki ma, da sauran rina a kaba. Tsakanin kwana na 3 da na 14 jijiyoyin kai kan tsuke, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka majiyyaci kan daɗe a ɗakin gobe-da-nisa, ana ba shi wani magani mai suna nimodifin har kwana 21. Kowane kwana da kuɗinsa: gado, da jini, da iskar numfashi, da gwaje-gwaje.

Wani zai ce, ashe ba asibitin gwamnati ba ne? Gaskiya ne, kuma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Badun, a shekarar da aka buɗe na Ikko da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. Gwamnati na biyan albashin likita, amma kayan aiki daga waje ake sayo su da dala, majiyyaci ne kuma ke biya. Dalar da take wajen N460 kafin a saki naira a watan Yuni na 2023, ta haura N1,500 a 2024, shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi N70,000. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. To, ina mai gadi, ko ɗan acaba, ko mai tura baro a kasuwar Mil 12 zai samo su a dare ɗaya?

Abin lura a nan shi ne, al'adarmu ce in ciwo ya yi tsanani a sa mutum a mota a kai shi gida Arewa. A wannan cuta, yin haka ganganci ne, domin haɗarin sake fashewa ya fi yawa a sa'o'i 24 na farko. A nufi babban asibiti mafi kusa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa.

Sauran magana ta shugabanni ce. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, Jihar Ikko kuma tana da nata shirin mai suna Ilera Eko. Ya kamata Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su je su tambayo abin da shirin ke biya da wanda ba ya biya, su yi wa jama'a bayani a masallatai. Kazalika a kafa asusun ko-ta-kwana a kowane zango, tun ana lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma mai karatu, awon hawan jini a kemis bai kai kuɗin tuwon rana ba. Ka riƙa aunawa, ka sha maganin da likita ya rubuta, ka rabu da taba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.