Takardar Izini da Gyaran Gona a Ƙasar Ruma da Safana

In kai mutumin Batsari ne, ko Ruma, ko Wagini, ko Runka, ko Safana, ba sai an gaya maka abin da ruwan Agusta ke yi wa gona ba. Ƙasarku rairayi ya yi mata yawa, ga tuddai, ga duwatsu. Ruwa ya kan sauko da ƙarfi, ya bi gangare, ya kwashe ƙasar sama mai taki ya zuba a rafi. Bana ka ga 'yar hanyar ruwa wadda yaro ke tsallakewa. Baɗi ta kai gwiwa. Kafin shekara biyar ta zama kwazazzabo, jaki ba ya iya ƙetarewa, ta raba gonar gado biyu.

Maganin wannan sananne ne, kakanninku ma sun san shi. A yi kunya a gicciye, kada a bi gangare. A jera duwatsu inda ruwa ke gudu. A dasa jema ko gamba a bakin rafi don saiwarsu ta riƙe ƙasa. A bar gawo da kalgo su tashi cikin gona. In jama'a suna da ƙarfi su yi jinga su tare ruwa, dabbobi su sami na sha da rani. To, amma akwai wani abu da ke tsayar da mutum bayan ya ɗauki galma da kwando, shi ne tsoron hukuma. Wani ya ce masa sai da takarda. Bai san wace takarda ba, bai san ofishin da za shi ba, bai kuwa san ko nawa za a ce ya biya ba. Sai ya ajiye kayan aiki ya ce sai wata shekara.

Wannan takarda ita za mu yi magana a kanta, da kuɗin da Gwamnati ke kashewa don a sauƙaƙa samunta.

Da farko ka sani ba don a wahalar da talaka aka yi dokar ba. A 1988 waɗansu 'yan kasuwa suka kawo dattin masana'anta mai guba daga Italiya cikin jirgin ruwa, suka jibge shi a wani gari mai suna Koko, can bakin teku. Mutane suka yi ciwo. Daga nan Gwamnatin Tarayya ta farga, ta kafa hukumar tsare muhalli cikin wannan shekara. A 1992 kuma aka yi doka mai lamba 86, wadda ta ce duk wanda zai yi babban aiki sai an fara bincika ɓarnar da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ke Abuja, wadda aka kafa a 1999, ita ce mai ba da wannan izini.

Dokar ta ambaci girman aikin da lalle sai an yi masa cikakken bincike. In za a sare daji hekta 500 ko fi don a mai da shi gona, sai an yi. In za a gina madatsar ruwa wadda tafkinta zai kai hekta 200, sai an yi. Haka kuma aikin noman rani na hekta 5,000. Hekta guda kuwa wajen eka biyu da rabi ce. Yanzu ka auna gonarka. Ka ga ashe ba da kai ake ba. Madatsa irin ta Zobe da ke kan kogin Karaɗuwa kusa da Dutsin-ma, ko ta Jibiya, irinsu ake nufi. Kunyar da ka yi a gicciye, da duwatsun da ka jera, da ramukan da ka haƙa ka zuba taki a fako, ba wanda zai tambaye ka takardarsu. Har wa yau dokar ruwa ta 1993 ta yarda mai gona ya ɗebi ruwan da ke ƙarƙashin gonarsa, ko na rafin da ke gefenta, ya sha, ya shayar da dabbobinsa, ya yi ban-ruwan lambunsa, ba da biyan kome ba.

Ina wahalar take ke nan? Tana wurin aikin da ya fi ƙarfin mutum guda. Kwazazzabon da ya ratsa gonaki ashirin ba mai iya toshe shi shi kaɗai. Jingar da za ta tare ƙorama ta shafi mutanen da ke ƙasa da ku, gama ruwan da kuka tare nasu ne ya ragu, in kuwa ta fashe da dare gidajensu zai ci. Ta kuma shafi Fulanin da ke shayarwa a nan, in ta toshe burtali. Saboda haka daidai ne wani wanda ba shi da gona a wurin ya zo ya duba tukuna. Duk wanda ya tuna ambaliyar da ta auka wa Jibiya cikin watan Yuli na 2018, da rayukan da aka rasa, ba zai ce binciken hanyar ruwa wasa ne ba.

Amma dubi yadda cikakken binciken yake. Mai aiki zai rubuta wa ma'aikata. A aiko mutane su ga wurin. Ya ɗauki masana su auna ƙasa da ruwa da itatuwa, wani lokaci sai sun auna da damina sun kuma auna da rani. Su rubuta babban littafi. A ajiye littafin a fili kwana 21 na aiki don kowa ya karanta ya faɗi ra'ayinsa. Sa'an nan a tara waɗansu masanan su tattauna. Duk kuɗin wannan mai aiki ne ke biya. Kamfanin siminti ba zai ji nauyinsa ba. Ƙungiyar manoma talatin kuwa, ko sun sayar da rogonsu duka, ba za su iya ba.

Ga kuma wani abu da mutumin ofis ya kan manta. Aikin ƙasa da rani ake yinsa, daga an gama kaka zuwa bazara. In takarda ta makara wata uku, ruwa ya sauka, shekara guda cur aka yi hasara, kwazazzabo kuwa ba ya jiran sa hannu.

Don haka ne Gwamnati ta kan ɗauki nauyin takardar da kanta. Cikin Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don wani shiri da ake kira ACReSAL, na shekara shida, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Jihar Katsina tana ciki. Nufin shirin a farfaɗo da hekta miliyan guda ta ƙasar da ta lalace. Kafinsa an yi wani mai suna NEWMAP, na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda aka amince da shi a 2012. A irin waɗannan shirye-shirye ba a jira kowane ƙauye ya nemi nasa izini daga tushe. Tun farko a kan rubuta ƙa'ida guda wadda ta game dukan ayyukan. In an zo kan aikin ƙauyenku, ma'aikacin shirin ya zo da takardar tambayoyi, ya duba: gonar wa za a taɓa, ruwan wa zai ragu, akwai maƙabarta ko burtali a wurin? In aikin ƙarami ne a wuce da shi. In ya ɗan yi girma a rubuta masa tsarin kiyaye ɓarna, shirin ne kuma ke biyan masu rubutawa, ba manomi ba.

Ka lura da abu guda. Wannan kuɗi rance ne, ba kyauta ba. Ƙasa za ta biya, watau kai da 'ya'yanka. Saboda haka in ka je ofis kana tambaya, ba roƙo ka je yi ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka manomin da ke son gyara bakin rafinsa ya kan nemi izini daga hukumomi da yawa, kowace da takardarta da kuɗinta, har waɗansu suka gwammace su bar rafin ya ci gonar. A 1998, a wani wuri mai suna Elkhorn Slough, aka sa hukumomin suka zauna suka yarda da waɗansu ayyukan gyara tun kafin a nema. Manomi ya je ƙofa guda, malamin gona ya tsara masa aikin bisa sharuɗɗan da aka riga aka yarda, shi ke nan. A 2014 jihar ta yi doka cewa ƙananan ayyukan gyaran rafi a ba su amsa cikin kwana 30 ko 60. Ba su soke binciken ba, sun dai biya ma'aikatan da za su yi shi da sauri.

Amma ba sai ka je Amurka ba. Bi hanyar Jibiya, ka wuce Ɗan Isa, ka shiga ƙasar Maraɗi, wurin 'yan'uwanku Katsinawa. A can ne aka ga abin da takardar izini ke iya kashewa, da abin da sassauta ta ke iya rayarwa.

Tun zamanin Faransa, bisa dokar daji ta 1935, da wadda ta biyo ta a 1974, itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. In ka sare reshe ba izini, ma'aikacin daji ya ci ka tara. An yi dokar don itace ya tsira. Me ya faru? Manomi ya ga in ya bar tsiro ya girma, ya jawo wa kansa mai tara. Sai ya riƙa sassabe shi tun yana ƙarami, ya ƙone. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau uku kafin ta kama.

A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin dashen itatuwa a Maraɗi, dashen kuwa yana ta mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. In aka zaɓi tsiro mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Manoma na dā sun san wannan, tsoro ne ya hana. Da yunwar 1984 ta zo aka riƙa ba mutane abinci don su bar itatuwa a gonakinsu. Da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga gero bai ragu ba, ga itacen girki, ga abincin awaki. Ma'aikatan daji suka sassauta tara. Mutanen can suka sa wa abin suna sassaben zamani. A 2004 Nijar ta sake dokar daji, a 2020 kuma ta fitar da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya rena. Masu bincike da suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama sun kimanta cewa wajen hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa kamar miliyan 200, yawancinsu a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Ba Gwamnati ce ta dasa su ba.

A nan Nijeriya ma dokar daji tsohuwa ce. An yi ta 1937 zamanin Turawa, En'e kuma ta hana sare itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya sai da izinin malamin daji. Yanzu al'amarin daji yana hannun jiha da ƙananan hukumomi. A ganinmu duk kuɗin da za a kashe kan sauƙaƙa izini, wanda ya fi amfani shi ne wanda zai sa manomin Safana ya tabbata cewa gawon da ya rena nasa ne, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da ya so ya rage masa rassa.

Dajin Rugu hukuncinsa dabam ne. Gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai keɓaɓɓe ne, a cikinsa aka fara gwada makiyaya ta zamani cikin shekarun 1960 da taimakon Amurka, aka yi madatsun ruwa don shanu, dokar makiyaya ta Jihar Arewa kuma ta fito a 1965. Ba a noma ko sara a cikin gandu sai da izini, ko da mutum ya ce gyara zai yi. Ka kuma san yadda ɓarayin daji suka addabi wannan yanki shekaru da yawa, har gonakin bakin daji suka yi ta kwana ba noma. Wannan ma ya shafi maganarmu. Izinin da sai wani ya taso daga Abuja ya ga wuri da idonsa, ba zai fito da wuri ba a ƙauyen da baƙo ke tsoron hanyarsa. Malamin gona da malamin daji na ƙaramar hukuma, waɗanda suka san kowane rafi da sunansa, su ya kamata a ba horo da babur da ikon sa hannu kan ƙananan ayyuka.

To, in ku mutanen unguwa kun yi niyyar toshe kwazazzabo ko yin jinga, ku fara tun da kaka, kada ku jira bazara. Ku zauna da mai unguwa da dagaci, ku kira masu gonakin da ke ƙasa da ku, ku kira arɗon Fulanin da ke shayarwa a wurin. Dagaci ya kai maganar gaban hakimi, Sarkin Ruma in a Batsari kuke, Yarima in a Safana. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, ita ce mai ba da takardar mallaka ta gargajiya, amma shaidar hakimi ita ke kashe gardamar iyaka tun ba ta tashi ba. Sa'an nan ku rubuta takarda zuwa sashen gona na ƙaramar hukuma. Kai da ka iya karatu yanzu, kai za ka rubuta. Ka sa sunan rafin, da tsawon wurin da taki nawa ne, da sunayen masu gonaki, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ka yi ta biyu. Ka ba da guda, ka sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, ka koma da ita gida. In an ce ku biya wani abu, ka nemi rasit.