Ƙirga a Sinanci: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwar Kilomita Biyar Ya Sani

A kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, ba wanda zai ce a ba shi atamfa uku ya yi shiru. Turmi uku zai ce. Haka goro ƙwarya ne, gero dami, shanu kuwa kai. Ashe Sinawa, waɗanda kayansu suka cika rumfunanmu, sun fi mu tsanantawa a wannan fanni.

Bahaushe yana iya cewa littafi uku, ko littafi guda uku, duk daidai ne. A Sinanci kuwa tilas ne a sa kalmar awo tsakanin lamba da sunan abu: san ben shu, wato uku, ben, littafi. Yawanci siffar abu ke zaɓar kalmar. Zhang ta abu mai faɗi ce kamar takarda da tebur. Tiao ta dogon abu, irin su igiya, kifi da wando. Saniya kuma da tou ake ƙirga ta, ma'anarta kai, daidai da namu. Akwai ge, wadda ta fi kowace yawo, kamar gudanmu.

To, ina ruwan ɗan kasuwa? Yi shuang xie takalmi ne na ƙafa biyu, amma yi zhi xie wari ɗaya ne tak. Wanda ya sa hannu a takardar oda a Guangzhou bai duba wannan 'yar kalma ba, yana iya biyan kuɗin kaya ya karɓi rabi. Saboda haka, kafin a yi ciniki, a tambayi tafinta: ɗari na me?