Yako da Hanyoyin da Suka Ratsa Kudancin Kano

Duk mai son sanin tarihin Yako, a ganina ya fara tambayar inda hanya ta bi. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Kiru, a ƙasar da fatake suka daɗe suna ratsawa tsakanin Kano da Zariya, kuma arzikin ƙauyukan yankin tare da hanya yake tashi, tare da ita yake kwantawa.

A da, Bebeji ce babban zango. Gari ne mai ganuwa, mazaunin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, kuma a nan aka haifi Alhassan Dantata a 1877. Ayari in ya sauka, jakuna na neman harawa, mutane na neman fura da tuwo, manomin kewaye ya ci kasuwa bai taka birni ba. Ta wannan hanya sojojin Turawa suka biyo daga Zariya a 1903, suka fasa ƙofar Bebeji da igwa kafin su ci Kano.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Layin dogo ya kauce wa Bebeji, ya bi ta Dangora da Yako da Madobi, sai ga Yako ya samu tasha daidai lokacin da gyaɗa ta zama kuɗi. Da kwalta ta ƙwace lodi daga hannun jirgi, hada-hadar ta koma Kwanar Dangora. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta sake juya ƙasar: ruwa ya cinye gonaki, aka tayar da ƙauyuka, noman rani kuma ya fi bunƙasa can Kadawa da Kura.

A duk sauye-sauyen nan, abin da ya fi damuna shi ne itatuwa. Manomin wannan yanki ba ya barin ɗorawa da kaɗanya a gona don ado. Daddawa da man kaɗe yake kallo. Inda ka ga kukoki sun taru a fili, tona ƙasa kaɗan, sau da yawa za ka ci karo da katangar tukwane, alamar kufai ne. Yanzu masu gawayi sun sa itatuwan a gaba, har can kudu wajen dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ɗorawar da kaka ya bari, jika kan sayar da ita kuɗin taki, a yini ɗaya a kwantar da ita.