Sarki Tanimun a ɗakin jarrabawa

Ɗan lise mai shirin jarrabawa kan wasan kwaikwayon tarihi yakan faɗa tarko guda: ya hardace shekarun sarauta, ya manta da dandali. Ga misalin Tanimoune, wasan André Salifou, haifaffen Damagaram, wanda ya fito a 1973. Tarihi ya shaida Sarki Tanimun ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera igwa. Amma mai gyaran takarda abin da yake nema shi ne: me marubuci ya zaɓa, me ya bari, don me? Saboda haka uban da ya sayi littafin ya sa yaro ya karanta a bayyane, ƴan'uwa na amsa masa, domin a furuci halin sarki yake fitowa.