Maganin Mura na Kemis: Abin da Ke Cikin Ƙwaya Ɗaya

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa daga watan Nuwamba, ƙura ta rufe sararin Kano da Katsina da Damagaram, sai mura da tari su mamaye gidaje, cinikin masu kemis kuma ya buɗe. Wannan rubutu zai duba magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba, da yadda sauƙin samunsu ke sa a manta cewa kowannensu yana da iyaka.

Mura cuta ce da ƙwayoyin bairos ke haddasawa, wato wasu halittu da suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ire-iren da ke kawo ta sun haura 200. Jiki ne da kansa yake yaƙarsu, galibi cikin kwana bakwai zuwa goma, saboda haka abin da ake kira maganin mura ba ya kashe cutar, aikinsa rage ciwon kai da zazzaɓi da toshewar hanci kafin jiki ya gama nasa. Wannan ne ma ya sa kafso irin su ampiclox, waɗanda aka yi domin bakteriya, ba su da abin da za su tsinana wa mai mura, illa dai yawan shansu ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa bakteriya jure musu, har su kasa aiki ranar da ake matuƙar buƙatarsu.

Babban haɗarin yana ɓoye ne a cikin ƙwayar da ake gani guda ɗaya alhali haɗi ce. Sanannun magungunan mura irin su Procold da Mixagrip suna ɗauke da farasitamol, tare da sinadarin buɗe hanci da kuma na tsayar da majina. Mutumin da ya sha ƙwaya biyu ta farasitamol saboda ciwon jiki, ya ɗora maganin mura a kai, da dare kuma ya ƙara da wani na zazzaɓi mai suna daban, yana iya shan sinadari ɗaya sau uku yana zaton magunguna uku ya sha. Ƙa'idar baligi mai lafiya ita ce kada ya wuce giram 4 a cikin awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin maganin mura. Abin da ya haura haka hanta yake yi wa lahani, lahanin kuma ba ya bayyana nan take, domin mutum kan yi kwana ɗaya ko biyu yana harkokinsa kafin ido ya yi rawaya, lokacin da ɓarnar ta riga ta yi nisa. Mai ciwon hanta, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, iyakarsa ta fi wannan ƙasa. Al'adar yanko ƙwaya biyu ko uku daga jikin kati da almakashi, ko zuba haɗi a 'yar leda ba kwali ba takarda, ita ke raba mai saye da bayanin da zai kare shi, don haka tambayar mai kemis ko akwai farasitamol a ciki ba ƙauyanci ba ce.

Sauran sinadaran biyu ma suna da nasu sharuɗɗan. Na buɗe hanci yana aiki ne ta hanyar tsuke jijiyoyin jini, abin da kan ɗaga bugun zuciya da hawan jini, shi ya sa mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu ba su da hurumin shansa sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Na tsayar da majina kuwa barci yake sawa, kuma direban mota ko ɗan adaidaita sahu da ya sha shi da safe ya hau titi, ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba.

Batun yara ya fi kowanne nauyi. Tun 2009 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ba da shawarar kada a ba yaron da bai kai shekara shida ba irin waɗannan magungunan tari da mura, saboda amfaninsu gare shi bai tabbata ba, illarsu kuwa sananniya ce. Asfirin ma ba na yara ba ne, domin yana iya jawo wata larura da ke kumbura ƙwaƙwalwa ta taɓa hanta. Idan za a ba yaro farasitamol na ruwa, da ɗan kofin awo ko sirinjin da ke cikin kwalin ake aunawa, tun da cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Ingancin kwalbar kanta abin dubawa ne: a 2022 yara kimanin 70 suka rasu a Gambiya sakamakon lalacewar ƙoda da aka danganta da gurɓataccen maganin tari, abin da ke nuna muhimmancin duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, wato NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki. A Najeriya kuma gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, bayan ya zama abin maye a hannun matasa.

Akwai kuma lokacin da kemis ba wurin zuwa ba ne. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku yana buƙatar gwajin jini, domin zazzaɓin cizon sauro kan fara da kamannin mura. Yaron da ke numfashi da sauri, awazunsa na lotsawa ciki, alamar ciwon huhu yake nunawa, taurin wuya da matsanancin ciwon kai a lokacin rani kan zama sanƙarau, tarin da ya haura mako biyu kuwa asibiti ake kai shi domin a gwada majina, a tabbatar ko tarin fuka ne.