Zanen kwarara: adon bangon da ba a sa masa burushi

Duk mai duba hotunan kayan adon gida a wayar salula ya taɓa cin karo da shi: allo mai launuka da suka gauraye, shuɗi ya ratsa fari, ruwan zinariya ya malale a tsakani, ga ƙananan idanu birjik kamar saƙar zuma. Babu mutum a ciki, babu dabba, babu rubutu. Kwarara fenti ake yi a kan yadi mai kauri da aka ɗame a katako, a karkata shi dama da hagu har ya rufe ko'ina, sannan a ajiye ya bushe.

Masu talla suna kiran sa sabon salo, amma ya kusa shekara 90 a duniya. A 1936 wani mai zane ɗan ƙasar Meksiko, David Alfaro Siqueiros, ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Niyok na Amurka, inda yake zuba fentin mota kala bisa kala a kan allon da ya shimfiɗa a ƙasa. Ya kira abin da ya samu zanen katsaham. Cikin matasan da suka halarci ɗakin har da Jackson Pollock, wanda daga baya ya yi suna da ɗiga fenti. Shi kuwa fentin akirilik da ake damawa da ruwa, sai a tsakiyar shekarun 1950 ya shiga kasuwa, musamman da sunan Liquitex, kuma shi ya sa aikin ya sauko daga hannun manyan masu zane zuwa teburin kowa.

Sirrin idanun nan nauyi ne. Fenti ba ɗaya ba ne a ma'auni: farin titaniyom, alal misali, ya fi galibin launuka nauyi. In aka zuba mai nauyi a kan marar nauyi, na sama zai nemi nutsewa, na ƙasa ya huda shi ya taso. Masu bincike biyu na babbar jami'ar Meksiko, Sandra Zetina da Roberto Zenit, sun maimaita aikin Siqueiros a ɗakin gwaji, suka wallafa sakamako a 2015, suna nuna cewa wannan bambancin nauyi shi ke haifar da siffofin. Masu yi a yau suna ƙara ƴan ɗigon man silikon don idanun su yawaita. Wasu su jera launuka cikin kofi ɗaya su kife shi a kan allon, wasu su kora fentin da na'urar busar da gashi.

Saboda haka gwanintar tana wajen damu. Ana haɗa fentin da wani ruwa na musamman da ke sa shi ya gudana ba tare da ya rasa danƙonsa ba, har ya yi kaurin zuma mai ɗumi. Mai son araha yakan sa farin gam na kafintoci, ko ya cika ruwa. Ranar farko ba za a gane ba. Bayan watanni launi ya dushe, fuskar ta tsage kamar gindin tafki da rani.

A nan ne ɗan kasuwar da ke shirin saro su, da ma'aikacin da zai cire wani abu daga albashinsa, ya kamata su buɗe ido. Da yake zanen ba ya maimaituwa, in aka ga biyu iri ɗaya sak a shago, to na inji ne, hoto ne aka buga a kan yadi, kuma bai cancanci kuɗin aikin hannu ba. Na gaskiya yana da tudu da kwari in an shafa, kuma a gefensa da bayansa akan ga inda fenti ya zuba ya ɗiga. A tambayi mai shi ko ya goge man silikon kafin ya shafa man kariya, domin in bai goge ba, kariyar ba ta kamawa sosai. Launuka masu ƙyallin tsiya, irin ruwan hoda da tsanwa masu haska ido, su ne rana ke fara cinyewa.

Yanayin ƙasarmu ma yana da tasa magana. Akirilik dangin roba ne: da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a Maraɗi da Yamai, fuskarsa takan yi laushi ta riƙe ƙura, kuma in an jibge alluna fuska da fuska a sito, za su manne da juna. Da hunturu kuwa matsalar ta mai yi ce, domin sama kan bushe kafin ƙasa, sai tsagewa. Dole a rufe aikin kwana biyu ko uku, kuma a jira makonni kafin a shafa masa kariya. Goge shi ba ya son sabulu ko kananzir, tsumma mai laushi ya wadatar.

Abin da zai iya ba shi kasuwa a nan ba ɓoyayye ba ne. Gidaje da yawa ba sa rataye surar mai rai, ga shi kuma son launi ba baƙo ba ne ga mutanen da suka ƙawata bangayen Birni a Damagaram, ko matan da ke jeren kwanuka a ɗakin amarya. Sai dai waɗancan zane-zanen bango hannun magini ne ya tsara kowane layi nasu, shi kuwa wannan rabinsa sa'a ce, kuma wani ɓangare na fentin da aka saya da tsada yakan ƙare a kan ledar da aka shimfiɗa ƙarƙashin tebur. Masu yi suna lissafa wannan asara cikin farashi.