Ajin Intanet: Yadda Malami Zai Sa Ɗalibai Su Buɗe Baki

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, malaman jami'a da yawa suka ɗanɗani koyarwa ta intanet, hanyar da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, ta riga su kamawa. Kukansu kuwa kusan ɗaya ne: ɗalibai ba sa magana. Malami ya jefa tambaya, a kwana uku babu wanda ya ce uffan. In ma wani ya tanka, ba ya wuce "Na yarda da abin da ɗan'uwana ya faɗa" ko "Allah ya ƙara basira, Malam."

A ce lalaci ne kawai, an zalunci ɗaliban. Wanda aka tarbiyyantar a kan cewa ba a jayayya da malami ba zai wayi gari yana ƙalubalantar ra'ayi a bainar jama'a ba. Ga shi maganar aji iska ke kwashe ta, amma rubutu yana nan daram, kowa na ganin kuskuren Turancinka. Ƙara da tsadar data, da ɗauke wuta, da matar auren da ba ta samun sukunin taɓa waya sai yara sun yi barci.

Gilly Salmon, wadda ta koyar a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, ta nuna a littafinta na shekarar 2000 cewa tattaunawa hawa biyar gare ta. Da farko ɗalibi ya iya shiga manhajar ba wahala, sannan ya saba da abokan karatunsa, su fara musayar bayani, su kai ga gina fahimta tare, a ƙarshe ya tsaya da ƙafarsa. Malamai da dama hawa na huɗu suke nema a makon farko, alhali ko a zaure sai an gaisa ake shiga magana. Makon farko na gabatar da kai ne: sunanka, garinku, sana'arka, abin da ya kawo ka.

Daga nan sai ingancin tambaya. In aka ce "Mene ne hauhawar farashi?", mutum ɗaya zai kwafo amsa, magana ta mutu. Amma a ce kowa ya faɗi kuɗin mudun masara a kasuwar garinsu bara da bana, ya kawo dalilin bambancin, nan take ɗan Gusau yana da abin da zai gaya wa 'yar Yola. A raba ajin ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum takwas-takwas, domin a cikin ɗari mai kunya ɓacewa yake yi. A sa wa'adi biyu: Laraba kowa ya kawo nasa, Asabar ya amsa wa mutum biyu da hujja.

Shi kuma malami ya iya bakinsa. Da zarar ya yanke hukunci, ba wanda zai ƙara cewa komai. Aikinsa shi ne ya haɗa zaren: "Malama Hauwa ta ce kuɗin mota ne, Malam Sani ya ce ɓoye kaya ne, wa zai auna mana su biyun?" Wanda ya yi shiru a bi shi ta saƙon sirri, kada a kunyata shi. Wanda rubutu ke ba wuya a karɓi saƙon muryarsa na minti ɗaya. Zagi da gorin addini ko ƙabila kuwa a haramta su tun ranar farko, a kuma ware maki ga hujja mai nauyi, ba yawan saƙo ba.

Duk wannan aiki ne mai cin sa'o'i. Wajibi ne hukumomin jami'o'i su horar da malamai a kansa, su lissafa shi cikin nauyin koyarwa, su rage yawan ɗaliban da ake ɗora wa mutum ɗaya. Ɗalibin da ya biya kuɗin makaranta da na data ya cancanci malamin da zai saurare shi ya kuma amsa masa.